Dutsen Shaida Ga Ƙasar Da Muka Cinye

Bisa ga abin da magabata suka faɗa, garin Dutsin-Ma ya samo sunansa ne daga wani maharbi da ake kira Ma, wanda ya zauna a kan dutsen nan da ke tsakiyar gari. Kusan kowane ɗan garin yana iya ba ka wannan labari, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka auna abin da ke ƙunshe a cikinsa. Maharbi ba ya zama inda babu nama, nama kuwa ba ya zama inda babu daji. Ashe ke nan sunan garin da kansa shaida ne cewa a da akwai daji mai duhu da namun dawa a wurin da yau ba ka ganin komai sai rufin kwano da siminti da ƙurar babura. Dutsen yana nan, sunan yana nan, dajin kuwa ya tafi, kuma babu wanda ya rubuta ranar tafiyarsa.

Ra'ayin da nake son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata shi ne, lokaci ya yi da mutanen Dutsin-Ma da Kurfi za su kafa alamar tunawa da abin da hannun ɗan Adam ya yi wa wannan ƙasa tamu. Sa'an nan ina ganin wajibi ne alamar ta kasance mai rai, mai lissafi, wadda za ta riƙa tuhumarmu kowace shekara, kuma mu ne ya kamata mu fara ɗora harsashinta, tun da mu aka kashe wa dukiyar talakawa aka ilmantar.

Mu fara da duban irin alamun tunawar da muka saba kafawa. Kakanninmu sun san darajar abin tarihi, ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga kushewun sarakuna a Durɓi ta Kusheyi. Mu kuwa 'yan zamani abin da muka ƙware a kai shi ne allon marmara da ake mannawa a bango ranar buɗe gini, mai ɗauke da sunan Mai Girma wane da ranar da ya yanke ƙyalle, sai kuma shataletale da ƙofar shiga gari da ake shafe wa fenti idan babban baƙo zai zo. Duk waɗannan magana ɗaya suke yi, watau ga abin da muka gina, a yaba mana. Wa ya taɓa cin karo da allon da ke cewa ga abin da muka rushe, ga abin da muka sare, ga abin da muka bari ya lalace?

Madatsar ruwa ta Zobe, wadda ke kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma, ta isa misali. An kammala ta a 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, tsawon bangonta ya haura kilomita 2 da rabi, kuma an gina ta ne don ta tare ruwan da ya haura mita kubik miliyan 170, a shayar da jama'a, a yi noman rani. An canza wa kogi hali, ruwa ya kwanta a kan ƙasar da a da ake nomawa ake kiwo, amma sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin tace ruwan da tura shi zuwa garuruwa. Shekara 38 ke nan. Jaririn da aka haifa a shekarar da aka gama madatsar ya yi aure, ya aurar, kafin wannan rana ta zo. An ci bashi a wurin ƙasa, an jinkirta amfanin da aka ci bashin dominsa, alhali babu wani rubutu a bakin ruwan da zai gaya wa mai wucewa haka.

Bayan wannan akwai asarar da ba ta da ranar buɗewa balle a gayyaci 'yan jarida. Ƙasar Hausa cike take da ƙauyuka da unguwanni masu sunan itatuwa, Kuka, Tsamiya, Kanya, Marke, Gawo, Rimi, kuma sau da yawa sai ka isa wurin ka nemi itacen da ya ba shi suna ka rasa. Dajin Rugu, da ke yamma da mu, makiyaya ce da ta ɗauki garkunan shanu shekaru aru-aru, amma sassabe da saran itace da yin gawayi sun ci gefensa, gonaki sun haɗiye burtali, a shekarun baya-bayan nan kuma sunansa ya zama abin firgita saboda 'yan bindiga. Ba na cewa saran itace kaɗai ya haifi wannan masifa, domin akwai zalunci da talauci da sakacin hukuma a cikinta. Amma duk wanda ya san yadda manomi da makiyayi suka matsu a kan ƙasa ɗaya ya san cewa sai da bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga.

Ko ungulu ma ta ishe mu ishara. Iyayenmu sun tashi suna korar ta a mahauta da bakin kasuwa, yau kuwa sai mutum ya daɗe bai ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar halaka ta sa irin ungulun nan tamu cikin jerin waɗanda ke bakin ƙarewa, saboda guba da farautarta da ake yi don haɗa magani. Nan gaba kaɗan malamin Hausa zai tsaya a aji yana fassara wa yara cewa ungulu ba ta jewar banza, sai ya zana musu ita a allo kafin su gane abin da yake nufi.

Babban haɗarin da ke cikin irin wannan asara shi ne mantuwa. Kowane zamani yana ɗaukar abin da ya buɗe ido ya tarar a matsayin yadda duniya take tun fil azal. Yaron da ya tashi ya ga fili fetal daga gefen gari har iyakar ganinsa ba zai yi kewar inuwar da bai taɓa zama a ƙarƙashinta ba, wanda bai yi kewa ba kuwa ba zai nemi gyara ba. Magabatanmu sun gane haka, shi ya sa suke laƙaba wa shekarun wahala suna, kamar yadda suka kira yunwar 1914 Kakalaba, don jikoki su ji su kiyaye. Amma suna a baki yake zaune, idan mai bakin ya kwanta dama sai ya tafi da shi. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 da idonsu suna ta raguwa a cikinmu.

To, a wasu ƙasashe masu fasaha sun daɗe suna kokawa da wannan matsala, kuma ya kamata mu san abin da suka yi. Akwai wani reshe na fasaha da ya bunƙasa tun wajen shekarun 1960, wanda za mu iya kira fasahar tunani. A cikinsa ba kyan zane ko gwanintar sassaƙa ake dubawa ba, jarin aikin shi ne tunanin da zai dasa a zuciyar wanda ya gan shi. A ƙasar Aislan, can arewacin Turai, akwai wani tsauni da ƙanƙara ta lulluɓe shekaru ɗaruruwa, ana kiran ƙanƙarar Ok. A 2014 masana suka tabbatar ta narke har ta fita daga lissafi, a watan Agusta na 2019 kuma jama'a suka hau tsaunin suka manna wani ɗan allon tagulla a jikin dutse. Marubucin ƙasar, Andri Snær Magnason, shi ya tsara kalmomin a matsayin wasiƙa zuwa ga mutanen gobe, yana shaida musu cewa mutanen yau sun san abin da ke faruwa, sun kuma san abin da ya kamata a yi. A ƙarshen allon aka rubuta yawan iskar kabon da ke sararin sama a lokacin, kashi 415 cikin miliyan, alhali kafin zamanin masana'antu wajen 280 ne. Allon bai yabi kowa ba, takardar amsa laifi ce da aka ajiye wa jikoki.

Tun kafin wannan, a birnin Kassel na Jamus, wani mai fasaha, Joseph Beuys, ya yi abin da ya fi kusa da bukatarmu. A 1982 ya sa aka jibge dogayen duwatsu 7,000 a dandalin da ke gaban gidan nune-nunen birnin, ya ce ba za a ɗauke ko ɗaya ba sai an dasa itace a wani wuri cikin gari an kafa dutsen a gefensa. Mutane da yawa suka yi ta gunaguni, suna cewa an ɓata musu dandali. Amma tulin duwatsun nan ya zama ma'aunin da kowa ke gani safe da yamma, raguwarsa ita ce ci gaban aikin. Beuys ya rasu a 1986, ɗansa ne ya dasa itace na ƙarshe a 1987, kuma dubban itatuwan suna nan suna ba da inuwa a titunan Kassel.

Akwai kuma wanda talakawa suka yi da kansu, ba tare da sun san sunan wata fasaha ba. A kogin Elbe, wajen garin Děčín na ƙasar Cek, akwai duwatsun da ake kira duwatsun yunwa. Ba a ganinsu sai ruwa ya ja ƙwarai, kuma duk shekarar da suka fito mutane kan sassaƙa shekarar a jikinsu, har akwai mai ɗauke da 1616. Da aka yi fari a Turai a 2018 da 2022, sai ga su sun sake bayyana da gargaɗin waɗanda suka mutu tun ƙarnuka.

Ba duk abin da aka yi a Turai ne abin koyi ba. A 2015, lokacin babban taron sauyin yanayi a Faris, Olafur Eliasson ya sa aka kwaso manyan curin ƙanƙara 12 daga tekun Girinlan aka jera su kamar fuskar agogo, mutane suna kallo suna narkewa. Aikin ya ja hankalin duniya, amma sai da aka ƙona mai aka yi jigilar ƙanƙarar cikin na'urar sanyi, bayan 'yan kwanaki kuma babu abin da ya rage sai hotuna. Mai kuɗi yana iya yin wa'azi irin wannan. Mu da ke auna hatsi da tiya ba mu da halin alamar da za ta narke.

Darasi mafi kusa da mu yana maƙwabta, a Jamhuriyar Nijar, kuma fuska biyu gare shi. A hamadar Tenere, gabas da Agadas, an yi wata itaciyar ƙaya guda ɗaya tilo da ayarin gishiri ke shiriya da ita, wadda saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Ayari bayan ayari suka wuce ta, babu wanda ya karya reshenta ya dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Aka kwashi gawarta aka kai gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa itacen ƙarfe a gurbinta. Itacen ƙarfen nan alama ce mai faɗin gaskiya, amma ba ya ba da inuwa, ba ya 'ya'ya, ta'aziyya ce kawai. Shekara 10 bayan haka, a 1983, a yankin Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara rassa ne na kututturan da saiwarsu ke da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture suna rage sauran, abin da suka kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a kan hekta kimanin miliyan 5 a kudancin Nijar. Hausawa ne 'yan'uwanmu suka yi wannan, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwan sama. Zaɓin da ke gabanmu ke nan, ko mu jira mu kafa wa gawo na ƙarshe itacen ƙarfe, ko mu kafa alamar da ita kanta gawo ce.

Na san za a kawo suka, kuma sukar tana da nauyi. Na farko za a ce al'ummarmu ba ta yarda da gumaka da mutum-mutumi ba. Haka ne, kuma a nan ne fasahar tunani ta dace da mu fiye da yadda ta dace da waɗanda suka ƙirƙiro ta, domin ba ta bukatar surar mutum ko ta dabba. Dutse ne da rubutu da lissafi da itace. Mutanen da suka gaji zayyana da rubutun allo da adon bangon soro ba baƙi ba ne ga fasahar da ba ta da sura, dasa itace kuwa kowane malami zai gaya maka sadaka ce mai gudana.

Na biyu za a ce, mutanen da ke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, waɗanda tsadar abinci ta hana su sakat, ina ruwansu da alamar tunawa? Matar da ke dafa tuwo da itace ba don ƙin daji take yi ba, kalanzir da gas ne suka fi ƙarfinta, musamman tun da aka janye tallafin mai a 2023. Wannan gaskiya ce, shi ya sa alamar da ba ta ciyar da kowa ba ta da hurumi a nan. Amma gawo yana zubar da ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya taƙaita wa manomi sayen taki, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'yan da dabbobi ke ci. Ɗorawa tana ba da kalwa, kuka tana ba da miya, tsamiya tana shiga kunu, aduwa da magarya da kanya duk abin kai wa kasuwa ne. Alamar da aka gina da waɗannan rumbu ce da ke tsaye a fili.

Na uku za a ce mun sha ganin gangamin dashen itace, an kafa rumfa, manya sun dasa, an ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun gama da shi. Ko shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Jihar Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya, sanannen abu ne cewa a faɗin nahiyar aikinsa bai kai alkawarinsa ba. Ciwon irin wannan gangami shi ne ana ƙirga abin da aka dasa, ba a dawowa a ƙirga abin da ya rayu. Maganin wannan ciwo shi ne ainihin abin da fasahar tunani za ta ƙara mana, watau ta fito da lissafin fili inda ba a iya ɓoye shi a cikin fayil.

Ga shawarata, kashi uku. Da farko, ƙungiyoyin ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, su nemi izni su tara duwatsu 1,000 a wuri ɗaya da kowa ke wucewa. Ƙasarmu ba ta rasa dutse ba. Kada a ɗauke ko ɗaya ranar dashe. Sai itacen da aka dasa, ko kututturen da aka raya, a gefen hanyar da ta haɗa Dutsin-Ma da Kurfi ko a gonakin da ke bakinta, ya ga damina uku da ransa, sa'an nan a ɗauki dutse guda a kafa a gindinsa. Kowane itace a damƙa shi ga gida ɗaya, amfaninsa nasu ne, kuma a yi wannan da sanin Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina da dagatai da masu unguwanni, domin itacen da ba shi da mai shi na awaki ne. Idan bayan shekara 5 tulin yana nan yadda yake, to ya faɗi gaskiya a kanmu, kuma ko wannan ma aiki ne.

Na biyu, kowane dutse ya ɗauki suna guda, da boko da ajami, na wani abu da wannan ƙasa ta rasa ko take gab da rasawa, ko itace ne, ko tsuntsu, ko dabba, ko rafin da ya ƙafe, ko burtalin da aka nome. Ɗaliban Hausa da tarihi da labarin ƙasa su shiga unguwanni su zauna da tsofaffin maharba da makiyaya da masu magani da mata masu tsinkar ganye, su rubuto sunayen daga bakinsu tun suna raye. Wannan bincike ne da ya fi yawancin kundayen kammala karatu da ke shan ƙura a kabad amfani.

Na uku, a nemi yardar Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a kafa ginshiƙin dutse a bakin ruwan Zobe, kowace shekara a sassaƙa masa layi biyu, inda ruwa ya kai a ƙarshen damina da inda ya koma a ƙarshen rani, tare da shekarar. Bayan shekara 30 duk wanda ya tsaya a gabansa, ko bai taɓa shiga aji ba, zai karanta labarin ruwan ƙasarsa da idonsa. Garuruwan da ambaliya ta taɓa ci, kamar Jibiya inda ruwa ya hallaka mutane fiye da 40 a watan Yuli na 2018, su ma sun cancanci irin wannan layi a jikin bango, don mai neman fili ya ga iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa kafin ya haƙa harsashi.

Sharaɗi ɗaya ne zan ƙara, kuma ga matasan ma'aikata nake miƙa shi. Kada a mai da wannan aiki kwangila, kada a sa masa sunan wani mai mulki, kada a yi masa bikin buɗewa. Ranar da ya shiga kasafin kuɗi da rumfa da kujeru, ranar ya zama ɗaya daga cikin allunan da muka fara kuka da su. Abin da ake bukata daga ofis bai wuce izni da irin dashe da shawarar malaman daji ba, sauran aikin na hannu ne da haƙuri.

Ya ku 'yan'uwa, yawancinmu shekara 4 ko 5 za mu yi a wannan gari mu kama gabanmu, gawo kuwa ba ya yin inuwar kirki a cikin wannan ɗan lokaci. Saboda haka wanda ya ɗauki dutsen farko ba shi zai ga na ƙarshe ba, kamar yadda wanda ya dasa tsamiyar da muke hutawa a ƙarƙashinta bai san sunanmu ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa mun ci ladan wannan ƙasa, mun sha ruwanta, mun ƙona itacenta mun dafa abinci. Ina kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai da ta sa wannan magana cikin ajandar zamanta na gaba, ta kafa kwamitin da zai fara tattara sunaye kafin saukar damina.